Matar da Ta Fito Daga Rijiyar Babana

Ko da mantuwa za ta kwashe duk abin da ke kaina, na san ranar da aka kawo tifar ƙasa don a binne rijiyar babana a Kalgo za ta rage. Shekaru sun shuɗe, na yi aure har na haihu, amma har yau in na ji ƙarar tifa tana juye ƙasa sai gabana ya faɗi.

A lokacin ina karatu a Birnin Kebbi, na dawo gida Gwandu hutu da wata tsohuwar kwamfuta da nake ji da ita kamar ƙwai. A cikinta akwai wani wasa da ya cinye mini hankali. Wasan rayuwa ne: ka gina gida, ka ƙirƙiri mutane, ka zuba su a ciki, su ci, su yi barci, su tafi aiki, su yi faɗa, su shirya. Kashi-kashi yake fitowa, kuma babu kashin da ban taɓa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne 'yan abubuwan da masu wasan ke ɓoyewa don tsokanar masu kallon fina-finai da jin waƙoƙi. Sai ka ga mai kawo wasiƙa da fuskar wani jarumin fim, ko hoton bango ya yi kama da tallar wani fim da duniya ta sani, ko direban tasi ya tsaya yana taka rawar wani mawaƙi. Farautar waɗannan ita ce sana'ata. Ƙawayena har kirana suke yi a waya su tambaye ni, ni kuwa ina hura hanci, ina cewa babu ɓoyon da ya taɓa wuce idona.

Babana mai haƙar rijiya ne, gadonsa ne. Daga Kambaza zuwa Dodoru akwai gidaje da yawa da ke shan ruwan hannunsa, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne, ba a taɓa binne rijiyar da ya haƙa ba. Sai dai zuwan burtsatse ya rage masa kasuwa ƙwarai, ga ciwon gwiwa da ya hana shi shiga rami da kansa, sai dai ya tsaya a baki yana nuna wa ma'aikatansa. Shi ya sa da wata Hajiya 'yar kasuwa a Kalgo, ƙawar Innata tun ƙuruciya, ta ba shi aikin rijiya a filin da za ta gina sabon gida, gidanmu ya cika da murna. Aka haƙa, aka tarar da ruwa garai-garai. Wani mutumin Dangoma ya ɗanɗana, ya ce shi ma bayan damina a je a haƙa masa.

Baba ne da bakinsa ya jawo ni cikin maganar. Ya ji Hajiya na ƙorafin ita ba ta gane zanen da magini ya yi mata a takarda, sai ya ce ai ɗiyarsa tana gina gida a cikin na'ura, har da ƙofa da taga. Hajiya ta aiko a ce in gina mata nata ta gani.

Na zage na yi aiki. Na yi zaure, na yi ɗakuna, na yi madafa da rumfa, na ƙirƙiri wata dattijuwa mai lulluɓi da 'yar ƙiba kamar Hajiya na saka a ciki. Saura rijiya. Na duba cikin kayan ruwa, famfo ne da baho da wurin ninƙaya, babu rijiya. Can na gano wata a cikin kayan ado, tsohuwa, ta dutse, an jera ta tare da kabewa mai idanu da yanar gizo-gizo da allunan kabari. Ya kamata in tambayi kaina abin da ya kai rijiya cikin wannan tarkace. Amma ni 'yar mai haƙar rijiya ce, a wurina rijiya ita ce cibiyar gida, ban taɓa kawowa a raina cewa akwai mutanen da rijiya abin tsoro ce a wurinsu ba. Na ɗauko ta na dasa daidai inda Baba ya haƙa tasa.

Da hantsi na isa Kalgo. Hajiya ta tara maƙwabta a ƙarƙashin rumfarta, aka shimfiɗa tabarma, aka sa ni a tsakiya. Na buɗe gidan, mata suka hau salati da tafi. Hajiya ta ga kanta tana yawo a tsakar gida, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke ja'ira, haka nika tahiya?" in ji ta.

Daɗin yabo ya ɗebe ni, na ce bari in nuna musu yadda gidan zai kasance da damina. Na saukar da ruwan sama a cikin wasan, na tura Hajiyar cikin wasan ta leƙa rijiya. Sai sararin wasan ya yi duhu. Wani farin hannu ya dafa bakin rijiyar, sannan wata mata ta fito da rarrafe, cikin farar riga jiƙaƙƙiya, gashi ya rufe mata fuska. Ta zagaya rijiyar, ta koma ciki.

Wata ta yi ihu ta watsar da ƙwaryar furar da ke hannunta. Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi, don ban taɓa ganin wannan ba.

Hajiya ta dube ni, babu sauran dariya. "Wagga wace ta?"

Na ce, "Hajiya, wasa ne. Masu wasan ne suka ɓoye ta, wataƙila daga wani fim suka ɗauko."

"Ke kinka sa ta?"

"A'a, wallahi ban ma san da ita ba."

Ashe da wannan rantsuwar na kashe kaina. Wata tsohuwa da ke gefe ta gyara zama ta ce, "Kun ji ko? Ita da kanta ba ta san da ita ba. Na'urar asibiti tana ganin ɗa cikin cikin uwa tai, to mi za ya hana wagga ta ga abin da ke cikin rijiya?" Kowa ya gyaɗa kai. Na yi bayani har bakina ya bushe, ba wanda ya saurare ni.

Kafin motar da na shiga ta kai Gwandu, labarin ya riga ni isa. A bakin mutane kuwa matar ta ƙara tsawo, ta yi kofato, har ta yi magana. Washegari mutumin Dangoma ya aiko cewa a dakata da nasa aikin. Wata maƙwabciyarmu da ta yi shekara da shekaru tana jan ruwa a gidanmu ta koma aika 'ya'yanta famfon bakin kasuwa. Sai ga saƙon Hajiya: ita ba za ta zauna da iyalinta a kan abin da ba ta sani ba, ranar Asabar za a cike rijiyar.

Na so Baba ya zage ni, ko ya ɗaga mini murya, da na ji sauƙi. Amma bai yi ba. Sai ya zauna a zaure yana warware igiyarsa yana sake naɗewa, tuwon da Inna ta kai masa ya huce a gabansa. Tsoro ya cika ni. Mutumin nan bai tara dukiya ba, sunansa kaɗai ya tara, ga shi ni da ya yi alfahari da ni a gaban mutane zan sa a binne sunan da shebur.

Na shiga intanet da wayata ina bincike kamar mahaukaciya. Na samo amsar: tsokana ce ga wani tsohon fim na ban tsoro, kuma matar ba kullum take fitowa ba, sai an yi ruwan sama, an leƙa rijiyar, sannan in an yi sa'a. Sai dabara ta zo mini. Na gina wani gida a ƙasar ƙanƙara, na zuba Turawa a ciki, na dasa musu irin rijiyar. In matar ta fito a can, kowa zai ga ba ruwanta da Kalgo, ba ruwanta da Baba. Na saukar da ruwa, na tura Bature ya leƙa, shiru. Na sake, shiru. Kwanakin nan haka na yi su, daga ɗaki zuwa shagon mai caji, ina roƙon aljanar ƙarya ta taimake ni ta fito. Inna ta je da kanta ta roƙi ƙawarta, Hajiya ta yarda za ta ba ni dama in nuna abin da zan nuna kafin a zuba ƙasa.

Ranar Asabar da muka isa filin, ni da Baba da ma'aikatansa, muka tarar tifa ta riga ta juye jar ƙasa a gefen rijiyar, leburori na jingine da shebur. Hajiya na zaune a kujera a inuwar dogon yaro, mata sun tsaya nesa-nesa, babu mai son matsawa kusa. Na durƙusa a gabanta na buɗe gidan ƙanƙara.

Bature ya leƙa rijiya, ya ɗaga kafaɗa, ya tafi ya dafa shayi. Na dawo da shi. Ya leƙa, ya tafi ya kunna talabijin. Zufa ta jiƙe mini hijabi. Ina kallon alamar caji tana raguwa, ina addu'a a zuci, ina jin tsohuwar nan tana cewa, "Ai ba ta hita can, nan ag gidanta." Na sake gwadawa, na sake, sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Hajiya ta yi ajiyar zuciya. "Ɗiyata, kin yi ƙoƙarinki." Ta ɗaga wa leburori hannu.

A nan ne Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙo mini. Ya ce, "Hajiya, ki yi man haƙuri kaɗan. Ni nig gina rijiyag ga. In da wani abu ciki, ni ya kamata ya hwara gani."

Ya dubi ma'aikatansa biyu da suka haƙa ta tare da shi, dukansu suka sunkuyar da kai, ba mai niyyar shiga. Bai yi musu faɗa ba, ya ce su riƙe igiya kawai. Na kama hannunsa ina cewa, "Baba, gwiwarka! Don Allah a bar ta, a binne." Da gaske nake, a lokacin na manta da suna da komai, ni dai kada santsin bango ya kwashe shi. Ya zare hannunsa a hankali, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya yi bisimilla, ya juya baya ya fara sauka.

Kowa ya zuba wa bakin rijiyar ido. Igiya na tafiya kaɗan-kaɗan, sai ta tsaya. Muka ji wani abu ya faɗa ruwa, tsulum, na ƙwalla ƙara, ashe ɓarɓashin bango ne. Igiyar ta ci gaba, ta sake tsayawa, ta daɗe ba ta motsa ba. Na kwanta rub da ciki a bakin rijiyar ina kiran Baba, ina kuka, ba na ganin komai sai ɗan farin hularsa. Can muryarsa ta taso, tana amsa-kuwwa.

"Ku aiko man da guga!"

Aka zura guga, ya ciko shi, aka jawo. Sannan aka jawo shi shi ma. Ya fito jiƙe har ƙirji, gwiwarsa na karkarwa, fatar hannunsa ta sale, sai da aka tallafe shi ya zauna. Ya ɗebi ruwan da tafin hannu ya sha, ya ƙara, ya wanke fuska.

Ya ce, "Na duba ko'ina, Hajiya. Ba komi sai ruwa da yashi, sai ni."

Hajiya ta daɗe tana kallon ƙafafunsa da ke rawa. Sai ta tashi da kanta, ta taka har bakin rijiyar da kowa ke gudu, ta ce a ba ta moɗa. Ta sha, ta goge baki da gefen mayafi, ta juya wurin leburori.

"Ku kwashe ƙasag ga ku kai wajen tushen gini."

Da muka koma gida na yi caji na kunna kwamfutar, leƙen farko da Baturen ya yi sai ga 'yar banzar ta fito, tana rarrafe a kan ƙanƙara, babu mai kallonta sai ni. Na yi dariya, na yi kuka, na goge rijiyar daga wasan.

Ba a binne rijiyar ba, amma aikin Dangoma bai dawo ba, gwiwar Baba ma ba ta sake barinsa ya tsaya a bakin rami ba. Ita ce rijiyarsa ta ƙarshe. Har yau tana nan a gidan Hajiya, unguwar na sha, matasa na kiranta rijiyar aljana suna dariya, yawancinsu ba su san dalili ba.

Abin da na koya shi ne, duk abin da ka ɗauko daga gidan wasu, ka tambayi abin da yake nufi a wurinsu kafin ka shigar da shi naka gidan, don abin da wani ya ɓoye domin dariya yana iya zama kukan wani. Magana kuma zarar bunu ce, in ta fita dogon bayani ba ya dawo da ita. Ni na yi kwanaki ina neman hujja a cikin na'ura, babana kuwa igiya ya ɗaura ya shiga ya tsaya a kan aikinsa, kuma shi aka yarda da shi.