Marini Ya Shanya Kyamara

A bakin wata rumfa a Jakara, wani dattijo na zaune da tsohuwar kyamara a cinya, irin wadda ake sa wa fim. Yatsunsa sun yi shuɗi har cikin farce, da gani marini ne. Tani mai zoɓo tana kallonsa yana leƙen ɗan baƙin ƙyallen da ke tare haske a cikinta. Rana ce ta bi ta gilashin gaba ta ƙona shi, ta huda.

Ta ce, "Baba, ba ka kai wa masu gyara ba?"

"Ni da na tsufa a kan yadi? Ƙyalle ai ƙyalle ne. Kyamarar ta mahaifina ce, da ita zan ɗauki bikin autata jibi."

Ya cire gilashin gaban, ya tsoma tsinke a baƙin fenti yana toshe hujin, yana cije leɓe sai ka ce likitan ido. Aiki ya yi kyau, masha Allah. Sai gwanin ya mayar da gilashin, ya yi mata abin da yake yi wa duk yadin da ya rina: ya shanya ta a rana, idonta na kallon sama. Ya koma inuwa, ya bar ta da wadda ta ƙona ta.