Maikasuwa Mai Faci

Shekara talatin Maikasuwa ya yi yana facin taya a tashar Babura, har ciwon ƙaba ya kwantar da shi. Aka yi masa aiki, aka ɗinka masa ragar roba a ciki. Yau wata biyar wurin yana ruwa, ƙato da shi amma ko taya ba ya iya ɗagawa.

Likita ya ce, "Baba, namanka ne ya ƙi kama robar. Masana sun gyara wata wadda tsoka ke mannewa, amma ba ta iso mana ba."

Maikasuwa ya riƙe masa hannu. "Likita, ko ni ba na liƙa faci sai na kankare robar. Don Allah ku sake buɗe ni. Na zo da samfefa."