Motata Da Aka Yi Wa Dariya A Rediyo

Lokacin da nake jan tsohuwar akori-kura tsakanin Birnin Gwari da Kuyello, ba mu da tarho, sai na rubuta wa shirin makanikai na rediyo wasiƙa cewa motata tana mutuwa da zarar na shiga daji.

Muna zaune a tasha aka karanta. Mai shirin ya ce, "Malam, tsoron kuraye take ji. Sayar da ita ka sayi jaki."

Direbobi suka yi ta dariya. Na ce musu, "Ba zan sayar ba."

Kwana uku ina ƙarƙashinta, har na gano tsatsar tanki ce ke toshe bututun mai idan hanya ta jijjiga ta. Na wanke tankin. Ta ƙara shekara tara tana ɗaukar dawa, ko da damina.