Ƙurar fentin Kawu

Shekarun baya, lokacin muna zaune a wani tsohon gida a unguwar Tandabawi, can ƙasa mai tsarki, mai gidan ya ce zai gyara hawa na sama kafin aikin Hajji don ya ba alhazai haya. Ɗan kwangilar da ya ɗauko ba baƙo ba ne, kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Har murna muka yi.

Ma'aikatansa suka sa inji suna kankare tsohon fentin tagogi da ƙofofi. Ƙura fara fat ta rufe matattakala, ta shigo mana har kan faranti. 'Yata a lokacin ta fara tafiya, komai ta tsinta sai baki.

Bayan Sallah yarinya ta sauya. Ta ƙi abinci, ga ciwon ciki, ga kuka ba dalili, 'yan kalmomin da ta fara faɗa ma suka ɗauke. A asibiti aka ɗebi jininta, likitar ta dube ni ta ce, "Ana gyara a gidanku?" Na ce an yi. Ta ce akwai gubar dalma a jinin, kuma tsohon fenti yakan zo da ita. Ni dalma a labarin masu haƙar zinariya kawai nake jin ta, ban san tana jikin tagarmu ba.

Daga asibiti gidan Kawu na wuce. Na tarar yana shan shayi.

"Kawu, ka san fentin nan da guba?"

"Ya binti, 'yata, tun ba a haife ki ba nake wannan sana'a. Ƙura ce kawai. Ciwo daga Allah yake."

"Daga Allah yake, amma injinka ne ya kawo shi ɗakina. Wa ya koya maka yadda ake cire irin wannan fenti? Wa ya ba ka shaidar ka iya?"

Ya ajiye kofin ya ce, "Halas, zance ya ƙare, tashi ki ba ni wuri."

Ku sani ni ba mai baki ba ce. Ko tumatir aka tsawwala mini sai in biya in yi godiya. Amma na fara bi gida-gida a unguwa ina ce wa masu gidaje kada su ba kowa aikin tsohon fenti sai ya nuna shaidar ya sami horo kan dalma. Hausa da Larabci na sarƙewa a bakina, haka nake yi.

Sai aka taso mini. Mahaifiyata ta ce, "Ke da kike da takardunki, kin san yaran aikin kawunki ba su da iƙama, takardar izinin zama? In kika jawo masu bincike, wa za a kwashe a mayar gida? Ba ke ba."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, don gaskiya ce. Na ce, "Umma, ba zan kai sunan kowa ko'ina ba. Amma su ne fa suke shaƙar ƙurar nan ba ko ƙyalle a hanci, su koma gida da ita a riga su ɗauki 'ya'yansu. Shiruna ba rufin asiri ba ne a gare su."

Wani dattijo ya tare ni a ƙofar gidansa ya ce aibi ne mace ta tona wa kawunta asiri. Na ce, "Baba, aibin na ɗauka. Jikokinka nawa ke rarrafe a falon nan?" Ya rufe ƙofa. Da sati ya zagayo ya aiko matarsa ta tambaye ni sunan gwajin jinin.

A hankali masu gidajen layinmu suka fara tambayar shaida. Kawu ya rasa aiki a wurare da yawa, ya daina amsa gaisuwata, har bikin 'yarsa ba a gaya mini ba. Daga baya dole ta sa ya je ya yi horon, ya saya wa ma'aikatansa abin rufe hanci, ya koma jiƙa fenti kafin a kankare, ana rufe ɗaki da leda. Bai taɓa ce mini na yi daidai ba. Ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba.

'Yata ta girma, Alhamdulillah, tana makaranta. Karatu yana ba ta wuya fiye da sa'o'inta, kuma ba mai iya gaya mini ko da haka aka halicce ta ko ƙurar ce. Wannan rashin sanin ne yake hana ni zama.

Shi ya sa har yau nake kan bakana: bai kamata a ce uwa ce za ta riƙa bin ƙofofi tana roƙo ba. A mayar da horon nan dole a kan duk ɗan kwangilar da zai taɓa tsohon gini, ɗan uwa ne ko bare. A dangi har yanzu ana ce mini mai taurin kai. Ina amsawa.