Garwashin Ticha

A gidan hayar da na zauna a Nima, shekarun da ake ɗauke lantarki kamar da gayya, akwai wani maƙwabcina da ya yi karatu a Turai. Ticha muke ce masa. Da la'asar yakan zauna a kan benci a tsakar gida ya yi ta jera mana darajojin al'ummomin da yake zaton suna can cikin taurari. Masu daraja ta ɗaya, in ji shi, sun mallaki duk makamashin duniyarsu. Na biyu sun kama ranarsu sukutum suna tatsa. Na uku kuwa, taurarin yankinsu kaf suke juyawa.

Wata rana ina fifita murhu na tambaye shi, “To mu fa, Ticha?”

Ya dubi gawayina ya taɓe baki. “Mma, mutanen da ke dafa koko da gawayi ai ko ƙafar tsanin ba su taɓa ba.”

Abin ya ci min rai. Mutumin nan bai taɓa sayen gawayi ko ashana ba. Kullum da safe sai ya zo da dutsen gugarsa ya cika da garwashina, ko sannu da aiki babu, don ya goge farar rigarsa.

Washegari ya taho yana hamma, dutsen guga a hannu. Na rufe murhuna da faranti, na nuna masa sama.

“Ga rana can ta fito, Ticha. Je ka ɗiba.”