Na Kai Iya Damagaram a Duba Mata Nono

Kowa a gidanmu ya yi kuskure a kan nonon Iya, har ita kanta. Da ta ji ƙullutu a na hagu, sai aka ce mace mai jiki irin nata, ga tumbi, ga tansiyo, wato hawan jini, ga ciwon sukari, na'ura ba za ta ga komai ba, kitse zai tare. In an je Damagaram yanke shi kawai za a yi. Ban tsaya musu da kowa ba, na kama mana wuri a mota.

Gure

Ana idar da sallar asuba muka isa tasha, ni da Iya da ƙanwarta Inna Falmata, siririya kamar kara, wadda ta taɓa zaman lakwal, makarantar boko, kuma ba ta bari a manta. Shofer ya dubi Iya ya ce, "Hajiya, wuri biyu ke nan." Na nuna masa Inna na ce, "Haɗa su ka raba, biyun ne." Ya yi dariya ya buɗe ƙofa.

Gidimuni

Jandarma suna duba kart ɗin shaida, Iya ta miƙa hannu ta taga za ta sayi rake. Na riƙe hannun. Ta ce, "Ke 'yar nan, in gobe za a yanka ni, bar ni in sha rakena yau." Na sake ta. Ta sayi rakenta, muka wuce Mirriya.

Damagaram

Gidan kawuna muka sauka. Da safe adaidaita ya kai mu asibiti, aka yi wa Iya hoto, aka ƙara da eko, hoton nan irin na duba ciki. Likitar mace ce. Ta ɗaga hoton ta ce mini da Faransanci nonon ba "dans" ba ne. Inna ta tsoma baki: "To da ma wa ya ce yana rawa? Mace mai jikoki."

Sai da likita ta gama dariya ta ce wannan "dans" ɗin cushewar nama ce, ba rawa ba, kuma hannu ba ya gane ta. Naman yana fitowa fari a hoto, ƙari ma fari, sai ya ɓuya a ciki. Kitse kuwa duhu yake fitowa, ana ganin komai sarai. Ta dubi Inna ta ce sau da yawa sirara ne nasu ya fi cushewa.

"Ƙullutun fa?" in ji ni.

"Ruwa ne. Ba abin yankewa."

Iya ta fara hamdala, likita ta tare ta: "Hajiya, kada ki yi wa kitse godiya. Tumbi da tansiyo da sukari tare suke tafiya, kuma ƙiba bayan ɗaukewar haila tana ƙara haɗarin kansar nono. Ki rage."

Komawa

Duk wadda ta zauna kusa da Iya a mota sai ta ji labari. Da la'asar muka shigo Gure, ta sauka tana ce wa maƙwabta, "Ga ni, duka biyun na dawo da su." Mun gode Allah, mun gode wa kawu da iyalinsa.

Tun daga Damagaram sau biyu na kama Inna tana laluba ƙirji ta ƙarƙashin mayafi, alhali an gaya mata hannu ba ya ganewa. Daga gobe Iya za ta riƙa bi na lambu da ƙafa, ko tana zagina. Inna kuwa na faɗa mata ta shirya kayanta, ranar kasuwa mai zuwa ita zan kai.