Zanen da Ke Jikin Falalen Ɗan Bula

Ɗan Bula ake ce masa, don tun yana saurayi ba a taɓa ganin faratansa babu shuɗin bula ba. Shekara arba'in da biyar ya yi yana wanki a kan wani falalen dutse da ke bakin kogi, daidai inda ruwa yake gangarowa da ƙugi. A zamanin da kasuwarsa ke ci, shanyarsa takan rufe dutsen kaf: zannuwan gadon asibiti, rigunan 'yan makaranta, wandunan ma'aikata. Yanzu gida huɗu ne kawai ke kawo masa wanki, su ma kara ce suke yi masa.

Matarsa, Allah ya jiƙanta, ita ce mai guga, kuma mace ce da ba a kayar da ita a musu. Shi ko gwanin ƙari ne, kullum ruwan bara ya fi na bana a bakinsa. Da ta gaji, sai ta miƙa masa ƙusa da guduma a ƙarshen wata damina.

"Je ka zana inda ruwan bana ya tsaya, maigida. Baɗi in ji bakinka."

Haka aka yi ta yi. Zane talatin da shida aka sassaƙa a gefen dutsen tana tsaye a kansa tana gyara masa. Biyar na ƙarshe shi kaɗai ya yi su, ba mai ce masa ya karkace, kuma abin yakan sa shi ƙwalla.

Bana sai ga ma'aikata da na'ura mai ƙafa uku da turaku masu jan fenti. Shugabarsu injiniya ce, sa'ar 'yarsa ta fari. Ta yi masa bayani cikin ladabi: za a tare ruwa kaɗan a sama, a zuro shi ta bututu ya juya inji, gari ya samu wuta. Wuri biyu suka duba don gina ɗakin injin. Ɗaya a kwari, can ƙasa. Ɗaya kuma kan falalensa, wanda sai an fasa shi.

"Mun zaɓi na ƙasa, Baba. Dutsenka na nan."

Ya yi ta sa mata albarka. Sai da suka tafi ya dubi turakun da kyau. Zanen shekarar da kogi ya kwashe zannuwan asibiti ya ɗara wurin da suka zaɓa da tsayin mutum. Su kuwa takardunsu na awon ruwa na shekara goma sha biyu ne kawai, ita da bakinta ta faɗa.

Kwana uku ya yi shiru da bakinsa. Yana cuɗa kaya yana gaya wa kansa ai masu ilimi ne, ina ruwan mai wanki. Amma ya san abin da mai guga za ta ce, har yadda za ta riƙe ƙugu ya sani.

Ran na huɗu ya ajiye sabulu, ya kira injiniyar.

"'Yata, zo ki ga wani abu."

Ya bi zanen ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yana faɗa mata shekarar kowanne. Ta auna na can sama, ta sake aunawa, ta juya ta dubi turakunta.

"Baba, ka san in muka tashi daga can, nan za mu dawo?"

"Na sani tun ran farko."

"To me za mu yi maka?"

Ya shafa gefen dutsen, inda ya yi santsi saboda hannunsa da na matarsa.

"Damina ta kusa ƙarewa. Ku dakata in yi na bana tukuna. Mai guga ba ta son a tsallake shekara."